Makullin da Ke Aljihun Mai Gida Ba Izinin Shiga Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in taɓa wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu gidajen haya da 'yan hayarsu, har mutane sun daina ganin ta a matsayin laifi. Mutum ya kulle ƙofarsa da safe ya fita nema. Ya dawo da yamma ya tarar da labulen ɗakin kwana a ɗage, kujerar falo ba inda ya bar ta ba, ga sawun takalmi a ƙasan banɗaki. Ya tambayi maƙwabta, su ce ai mai gida ne ya zo da wasu mutum biyu suka zagaya. In ya je ya yi magana, amsar ba ta wuce guda: "To, ba gidana ba ne?"

Gidansa ne, babu mai ja da wannan. Sai dai haya ciniki ce, kuma a kowane ciniki akwai abin da ke barin hannun mai sayarwa. Malaman fiƙihu sun ce ijara ita ce mallaka wa wani amfanin abu zuwa wani lokaci sananne a kan lada sananne. Ginin yana nan a hannun mai shi, yana iya sayar da shi, ya jinginar da shi, magada su gaje shi. Amma zama a cikinsa, da rufe ƙofa, da cewa wane ya shigo wane ya dakata, wannan ya koma hannun ɗan haya tun ranar da aka ƙirga kuɗi aka miƙa makulli. Wanda ya ba da hayar gonarsa ta bana ba ya shiga da kaka ya yanki zangarniya don ƙasar tasa ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga mai bin addinin Musulunci, maganar ta fi haka ƙarfi. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama. Aya ta 28 ta ƙara da cewa in ba mu sami kowa a ciki ba, kada mu shiga sai an yi mana izini, in kuma an ce mu koma, mu koma. Wani mai gida zai ce ai ayar gidajen wasu take nufi, wannan kuwa nawa ne. Baidawi ya riga ya toshe wannan kafa a tafsirinsa, inda ya bayyana cewa abin lura shi ne gidan da mutum yake zaune a ciki, domin wanda ya ba da haya da wanda ya ba da aro su ma ba sa shiga sai da izini. Hadisin Abu Musa al-Ash'ari kuma ya iyakance neman izini sau uku, in ba a amsa ba a juya. Babu inda aka ce in ba a amsa ba a laluba aljihu a ciro makulli.

Dokokin ƙasashe sun zo a kan wannan layi. Sashe na 12 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya hana yi wa mutum katsalandan a sirrinsa da iyalinsa da gidansa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu, kuma bai ce sai gidan da mutum ya gina da kuɗinsa ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta fi fito da abin fili: a sashe na 6 ta ba ɗan haya haƙƙin sirri, da kariya daga takurawa marar dalili, da riƙe gidan shi kaɗai, ta bar wa mai gida taƙaitaccen ikon dubawa kawai. Kowace ƙasa da tata doka, wani wurin ma kowace jiha da tata, don haka mai karatu ya nemi ta inda yake zaune. Amma ginshiƙin ɗaya ne kusan ko'ina.

Kada a ce na ɗaure wa 'yan haya gindi su mayar da gidan mutane nasu. Mai gida yana da dalilai na halal da za su kawo shi: gyara, duba lafiyar ginin lokaci-lokaci, nuna gidan ga mai saye ko mai neman haya idan wa'adi ya kusa, da umarnin kotu. Sharaɗin shi ne ya sanar tukuna, kuma ya zo a lokacin da hankali zai ɗauka. A Ingila, dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ce sanarwar awa 24 a rubuce kafin a shiga duba gini. A lardin Ontariyo na Kanada, dokar 2006 ta ce awa 24 a rubuce, a faɗi dalili da rana da lokaci, kuma shigar ta kasance tsakanin ƙarfe 8 na safe da 8 na dare. A jihar Kalifoniya ta Amurka, sashe na 1954 na dokar mu'amalarsu ya ɗauki awa 24 a matsayin sanarwa mai ma'ana, kwana 6 in ta gidan waya aka aika, kuma a lokutan aiki. A Faransa, dokar 6 ga Yuli 1989 ta hana a wajabta wa ɗan haya buɗe gida ga masu son saye ko haya fiye da awa 2 a ranar aiki, ranar hutu kuwa sam. Dokar Legas ba ta ƙirga awoyi ba, amma ta ce da rana, a lokacin da ya dace, bayan sanarwa a rubuce.

Sanarwa ta gaskiya tana ɗauke da abu huɗu: ranar, tsakanin ƙarfe nawa zuwa nawa, dalilin zuwa, da wanda za a zo da shi. Misali a rubuta: "Ranar Talata 14 ga wata, tsakanin ƙarfe 10 da 12 na rana, zan zo da mai gyaran famfo ɗaya mu duba bututun da ke ɗiga a banɗaki." Wannan ita ce sanarwa. "Zan leƙo cikin satin nan" ba sanarwa ba ce, domin ta bar mutum cikin zaman jira na kwana bakwai. Kiran waya daga bakin ƙofa ma ba sanarwa ba ne. Sannan dalilin da aka faɗa shi ne iyakar ziyarar. Wanda ya zo don bututun banɗaki ba shi da hurumin buɗe durowar kaya, ko ɗaukar hoton gado, ko tambayar wace ce wannan baƙuwar da ke zaune a falo. In kuma za a ɗauki hoto don tallar gidan, sai ɗan haya ya yarda, ya kawar da abin da ba ya son duniya ta gani, domin hoton da ya hau intanet yakan nuna wa ɓarawo abin da ke ciki da inda taga take.

Akwai wani wuri da ɓangarorin biyu ke yawan yin kuskure. Mai gida ya ɗauka da ya aika sanarwa shi ke nan ƙofa ta buɗe. Ɗan haya kuma ya ɗauka tunda sai ya yarda, yana iya cewa a'a har abada. Duka biyun sun kauce. In lokacin bai yi wa ɗan haya ba, ya mayar da amsa a rubuce ya ba da wasu ranaku biyu ko uku na kusa. Wannan amsar ita za ta nuna daga baya cewa bai hana ba, canjin lokaci ya nema. Wanda ya yi ta hana mai gyara shiga har ruwa ya cinye silin ya ruɓar da katako, shi ya saɓa yarjejeniya, kuma ana iya ɗora masa kuɗin ɓarnar da jinkirinsa ya jawo. Ko a nan ɗin, hanyar da ta fi wa mai gida tsira ita ce kotu. Wasu dokokin sun yarda ya shiga bayan cikakkiyar sanarwa ko ɗan haya ba ya nan, amma ture mutum daga bakin ƙofarsa ko ɓalle kuba wata magana ce dabam.

Gaggawa ita ce babban abin da ke ɗauke sanarwa, kuma ya kamata a taƙaita ma'anarta, don kowa ya ga dama sai ya kira son ransa gaggawa. Gobara ko hayaƙi, warin gas, bututu ya fashe ruwa na kwarara zuwa ɗakin ƙasa, waya tana tartsatsi, ko alamar wani na ciki yana cikin haɗari: waɗannan su ne. Mai saye da ya zo daga nesa yana sauri ba gaggawa ba ne. Bashin haya ba gaggawa ba ne. Ko a gaggawar gaske, mai gida mai hankali yakan ƙwanƙwasa, ya kira waya, ya shiga da shaida ɗaya, ya rufe famfo ko ya kashe wuta, ya fita ya kulle, sannan ya aika saƙo nan take ya faɗi lokacin da ya shiga da abin da ya taɓa. Wannan kariya ce gare shi. Ranar da ɗan haya ya ce kuɗinsa sun ɓace daga ƙarƙashin katifa, wanda aka gani ya shiga shi kaɗai shi zai sha tambaya.

Kutse ba ya tsayawa a kan mai gida da kansa. Dillali, wakili, mai gadi, ɗan mai gida da aka aiko, leburan da aka ba makulli, duk hukuncinsu ɗaya, kuma wanda ya aiko su yana ɗaukar alhakin abin da suka yi da sunansa. Haka mai gidan da ya ba da hayar gida sukutum amma ya bar kayansa a ɗaki ɗaya, kullum yana zuwa ɗauka da ajiyewa. In ba a rubuta wannan ɗakin da ranakun zuwa a yarjejeniya ba, an buɗe masa ƙofar da ba ta rufuwa. Inda abin ya bambanta shi ne gidan tarayya. In mutum ɗaki ya kama a gidan da ake raba tsakar gida da kicin da banɗaki, mai gida yana iya shiga waɗannan wuraren na kowa da kowa, ɗakin kuwa na mai haya ne. Wanda kuma yake zaune tare da mai gidan a gida ɗaya kamar baƙo mai biya, dokoki da yawa ba su ba shi kariya mai ƙarfin ta cikakken ɗan haya ba, don haka shi ya fi kowa buƙatar a rubuta masa sharuɗɗa.

Tun da maganar rubutu ta zo, a duba yarjejeniya da kyau kafin a sa hannu. Wasu masu gida sukan cusa layi guda mai cewa suna iya shiga a kowane lokaci. Irin wannan sharaɗi ba kasafai yake tsayawa a gaban alƙali ba inda doka ta riga ta ba da kariya. A Kalifoniya doka ta ce duk sharaɗin da ɗan haya ya yafe wannan haƙƙi da shi ɓatacce ne. A Jamus babbar kotun tarayya ta yanke a 2014 cewa sharaɗin da ya ba mai gida ikon zagayen dubawa ba tare da takamaiman dalili ba bai inganta ba. Duk da haka, soke layin da biro tun ranar farko ya fi sauƙi a kan zuwa kotu a soke shi. Wanda kuwa ya shiga haya da baki kawai, kada ya ɗauka ba shi da haƙƙi. Rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, da mutanen da suka san yana zaune a nan sun isa su tabbatar da haya.

To, an shiga, me za a yi? Abu na farko kafin a kira kowa: kada a gyara komai sai an ɗauki hoto. Ƙofa, kuba, sawun ƙafa, abin da aka matsar, abin da aka fasa. Sannan a sami littafi guda a ware shi don wannan kawai, a rubuta a ranar, domin bayan wata uku ƙwaƙwalwa takan haɗa Laraba da Alhamis, lauyan ɗaya ɓangaren kuma nan yake jira. Rubutun ya zama kamar haka: "Litinin 3 ga wata. Na fita 7:30, na kulle kuba sau biyu. Na dawo 5:15, na tarar an murɗa sau ɗaya. Tagar kicin a buɗe. Maƙwabciya ta ga mai gida da mutum biyu wajen ƙarfe 11. Ba a sanar da ni ba. Babu abin da ya ɓace." Wannan jimlar ta ƙarshe tana da muhimmanci. A faɗi gaskiya ko da ba ta ƙara wa ƙorafi nauyi ba, domin ƙari ɗaya da aka kama mutum da shi yakan zubar da sauran maganarsa duka.

Bayan haka sai magana. Karon farko a yi ta baki, cikin ladabi, a gaban mutum ɗaya, don sau da yawa jahilci ne ya jawo, mutum ya gaji gida ya gaji ɗabi'ar, bai taɓa jin wani ya ce masa laifi ne ba. Amma a bi maganar da saƙo a ranar: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana ɗazu, an shiga gidan ranar Litinin ba tare da sanina ba. Ina roƙon daga yau a riƙa sanar da ni a rubuce awa 24 kafin zuwa, tare da dalili. A shirye nake in buɗe don gyara ko dubawa a lokacin da muka amince." Babu zagi, babu barazana. In an sake, sai wasiƙa ta takarda mai kwanan wata, a lissafa ranakun da aka shiga, a ambaci sashen yarjejeniya ko na doka, a yi kwafi biyu, mai karɓa ya sa hannu a ɗaya. In ya ƙi karɓa, a aika ta hanyar da ke ba da shaidar isarwa, a kuma tura hotonta ta WhatsApp a adana shafin. Waya takan ɓace ko ta lalace, saboda haka a ajiye kwafin komai a wani wurin.

Babban kuskuren da ke kayar da 'yan haya masu gaskiya shi ne riƙe kuɗin haya don huce haushi. Da ka daina biya, ka miƙa wa mai gida sandar da zai doke ka da ita: shari'ar ta tashi daga kutsensa ta koma bashinka. A ci gaba da biya a kan lokaci, ta hanyar da ke barin shaida. In ya ƙi karɓa don ya ƙirƙiri bashi, a rubuta masa cewa an kawo ya ƙi, a ware kuɗin kada a taɓa, a nemi shawarar lauya. Kuskure na biyu shi ne kai hannu. Mari ɗaya ya isa ya mayar da wanda aka zalunta wanda ake tuhuma. Na uku shi ne hawa Facebook a kira mutum ɓarawo da sunansa ba tare da hujja ba, a janyo wa kai ƙarar ɓata suna. Na huɗu, kwashe kaya a bar gida cikin fushi kafin wa'adi ba tare da rubuta dalili ba, a yi asarar ragowar kuɗi da kuɗin ajiya.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko ɗan haya na iya canza kuba. Amsar tana ga doka da yarjejeniya. A Faransa yana iya canzawa ba tare da neman izini ba, muddin zai mayar da ƙofar yadda ya same ta ranar tashi. A Ontariyo doka ta hana shi sai da yardar mai gida. Saboda haka a duba kafin a kira kafinta. Inda aka halatta, ba sai an fasa ƙyaure ba. Yawancin kubobin zamani suna da zuciya, wato ɗan ƙarfen nan da makulli ke shiga, kuma ita kaɗai ake canzawa. A buɗe ƙofar, a dubi kaifinta, za a ga dogon noti guda ɗaya a ƙasan harshen kuba daidai da tsakiyar zuciyar. A kwance shi da sukurudireba, a sa makulli a ɗan murɗa shi kaɗan har haƙorin tsakiya ya daidaita, sai a ja, ta zaro. A auna daga ramin notin zuwa kowane baki, za a ga kamar milimita 30 da 30, ko 35 da 35, a sayo mai wannan awon. In ta yi tsawo ta fito waje fiye da milimita 3, ɓarawo yana iya kama ta da filaya ya karya. A gwada sabuwar sau da yawa ƙofa na buɗe kafin a rufe, don kada mutum ya kulle kansa. Tsohuwar da makullanta a sa a leda a ajiye har ranar tashi. Inda ba a halatta ba, sakata ko sarƙa ta ciki tana hana a faɗo wa mutum yana gida, ko da yake ba ta tsare komai in ya fita. Wanda ya canza kuba kuma ya sani, in gaggawa ta taso aka fasa ƙofa saboda babu makulli, ana iya cewa shi zai biya gyaran.

Ƙaramar kyamara a cikin falo mai kallon ƙofar shiga tana yanke gardama da wuri, don tana nuna fuska da lokaci. A bar ta tana kallon cikin gidanka kawai, ban da ƙofar maƙwabci, a kuma kula da naɗar murya, don wasu dokokin sun fi tsananta a kanta fiye da hoto. Akwai kuma juyin wannan, wanda ya fi kowane kutse muni: mai gida ya ɓoye kyamara a ɗakin kwana ko banɗaki. Wuraren da aka fi ɓoyewa su ne soket, agogon bango, na'urar gano hayaƙi da ramin silin. A kashe fitila a haska tocila a hankali, gilashin kyamara yakan mayar da ɗan ƙyalli. In an gani, kada a cire, kada a fasa. A ɗauki hotonta a inda take, a rufe ta da tsumma, a kira 'yan sanda. Wannan ya wuce rigimar haya, laifi ne na hukunci.

Malam Edita, inda abin ya fi ƙazanta shi ne lokacin da ake bin ɗan haya bashi ko wa'adinsa ya cika. Nan ne za ka ga an yanke ruwa, an cire mita, an ɓalle ƙyaure, an yaye kwano ana tsakiyar damina, ko a sa kwaɗo a kan kwaɗo, ko a kwashe kayan mutum a ce jingina ne. Mutane da yawa, har da 'yan hayar kansu, sun ɗauka bashi yana zubar da haƙƙi. Ba ya zubarwa. Bashi ana bin sa ta kotu, tashi ma ta kotu. Kotun Ƙolin Najeriya ta yi magana a kan wannan sau biyu a 1986. A shari'ar kamfanin Eliochin da Mbadiwe ta nuna cewa mai gidan da ya ƙwace gidansa da ƙarfin kansa ba ta hanyar doka ba ya yi kutse, kuma diyya ta hau kansa. A shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu ta gaya wa gwamnati kanta cewa ba ta da ikon fitar da mutum da ƙarfi alhali magana na gaban alƙali. In gwamnati mai sojoji ba ta da wannan iko, ina ga mai gida da 'yan ƙato uku? Sashe na 44 na dokar Legas ya sa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6 ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko ya tsorata shi, ko ya rushe wani sashe na ginin don ya kore shi. A Ingila, dokar 1977 ta ɗauki takura wa ɗan haya a matsayin laifin hukunci. A Faransa, korar mutum daga mazauninsa da ƙarfi ba tare da hukuma ba na iya jawo ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 30,000.

Hanyar halal tana da tsawo, shi ya sa masu gajen haƙuri ke tsallake ta, amma a bayyane take. A dokar Legas, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida wata 3, mai biyan shekara wata 6. In ya cika bai tashi ba, sai sanarwa ta biyu ta kwana 7 cewa za a je kotu. Sannan ƙara, sannan hukunci, sannan ma'aikatan kotu su zo su aiwatar. Har zuwa wannan ranar ta ƙarshe, ƙofar tana hannun ɗan haya. Sayar da gidan ma ba ya yanke haya a yawancin dokoki, sabon mai gida yakan gaji yarjejeniyar ne yadda take.

Wanda ya dawo ya tarar an kulle shi a waje, ya ɗauki hoto, ya kira shaidu, ya tafi ofishin 'yan sanda da rasit da yarjejeniya a hannu. Sau da yawa za a ce masa rigimar haya ce, a je kotu. Gaskiya ne 'yan sanda ba sa yanke hukuncin wa ke bin wa, amma fasa ƙofa, barazana, duka, lalata kaya da ɗauke su laifuffuka ne, don haka ya nace a rubuta ƙorafinsa a ba shi shaidar ya kawo. Ya guji fasa kwaɗon da kansa kafin ya ji ta bakin lauya. A kotu abu biyu ake nema: umarnin gaggawa da zai mayar da shi gida ya hana a sake taɓa shi, da diyyar abin da ya yi asara. Diyya kuwa da takarda ake auna ta: kuɗin masaukin da ya kwana, magani ko abincin da ya lalace, kayan da ruwa ya jiƙa, kowanne da rasit ɗinsa ko hotonsa. Kafin a kai nan, sulhu ta hannun dattijon da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa ko cibiyar sasanci ya fi araha da sauri, da sharaɗin a rubuta abin da aka amince kowa ya sa hannu.

Na san abin da ke rufe bakin yawancin 'yan haya: tsoron in sun yi magana a ƙara musu kuɗi ko a ba su notis. Tsoro ne mai dalili. Wasu wuraren sun yi masa magani, kamar Kalifoniya da ta hana mai gida ramuwa da kora ko ƙarin kuɗi cikin kwana 180 bayan ɗan haya ya kai ƙorafi a kan lafiyar gidan. Inda babu irin wannan doka, abin da ya rage shi ne takardun da aka tara da haɗin kan maƙwabta. Mai gidan da ke shiga ɗaki ɗaya da wuya a ce bai taɓa shiga na kusa da shi ba, kuma wasiƙa mai sa hannun mutum biyar ba a yi mata irin kallon da ake yi wa ta mutum ɗaya.

Su kuma masu gida, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗan hayan da ake girmamawa shi ke kira tun ɗigon farko, wanda ake faɗo masa kuwa ɓoyewa yake yi har bango ya jiƙe. Layi uku a yarjejeniya sun isa: za a duba gida sau biyu a shekara, da sanarwar awa 24 a rubuce, ɗan haya ko wakilinsa na nan, makullin ajiya zai zauna cikin ambulan da aka liƙe, ɓangarorin biyu sun sa hannu a kan bakinsa, ba za a yage shi ba sai don gobara, gas, ambaliya ko ceton rai, kuma in an yage za a sanar a ranar, a sake liƙe wani a gaban ɗan haya.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu